Rassan Roba a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Moss Side, Manchester
6 ga Disamba, 2010

Zuwa ga angona Eli,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya sanyin Birmingham, yaya aikin asibiti? Ina fata kana cin abinci, don a hoton da ka aiko wuyanka kamar na zalɓe. Miji irinka sai haƙuri, wata huɗu ko leƙe babu.

Bari in ba ka labarin abokin takararka, kakanka Gamaliel. Ka san tun da mantuwa ta kama shi, day centre, gidan wunin tsofaffi, ce ke riƙe mini shi kwana uku a mako. To, council sun rufe ta. A can ya yi aboki, wani tsoho ɗan Poland, wanda ya gaya masa a ƙasarsu idan tafki ya daskare sukan fasa rami a ƙanƙara, su zura ciyawar roba, kifi ya taru a gindinta, sai su saki ƙugiya. Sunana yakan ɓace masa, amma wannan magana ta zauna daram. Ai haka yake yi a kogin Binuwai muna Numan: ya nutsar da rassan itace, ya bar su wata guda, sannan ya kewaye da taru. Kullum cewa yake kifi ba abinci ke kawo shi ba, wurin ɓuya yake nema.

Ranar Asabar na fito da bishiyar Kirsimeti ta roba, na tarar gefe guda ya yi sanƙo kamar kan fastonmu. Har na zargi ɓeraye. Ashe malam ne ya tsige rassan, ya ɗaure su da igiyar shanya, ya rataya musu tsohon dutsen gugata don su nutse. A tafkin park, filin shaƙatawar unguwarmu, na same shi, durƙushe a bakin ƙanƙara yana sara da wuƙar nama. Na ja shi gida yana mita, wai na kore masa giwan ruwa.

Na yi dariya har da hawaye. Daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Kada uwarka Clara ta ji wannan. Tun bazara take zancen a kai shi care home, gidan kula da tsofaffi. Shekara hamsin da ɗaya ina jin minsharin mutumin nan, ban san yadda ake barci babu shi ba.

Amaryarka mai furfura,
Kaka Margaret

22 ga Disamba, 2010

Eli,

Ina gaishe ka, don ko maƙiyi ba a hana shi gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da dogon bakinka. Ka lura ban ce angona ba. Na yi yaji, kuma kada ka wahalar da kanka da biko.

Ka kai wa uwarka labarin tafki, ga shi ranar Juma'a ta zo da wata mata mai jaka cike da takardun care home. Matar ta tambayi kakanka wace shekara muke ciki, ya ce shekarar da ruwa ya ci kasuwa. Ta nuna ni, ta ce wace ce wannan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce mai sayen kifinsa ce, ba ta taɓa taya kaya da mutunci ba. Nan kam bai yi ƙarya ba, a haka muka haɗu. Na ƙi sa hannu a takardarsu, na ce ni zan tsare mijina.

Na yi niyyar zaginka shafi biyu, har na tanadi biro. Amma jiya da hantsi ina wanka ya fita. Cikin tukunyar shinkafa na ɓoye makulli, ashe yana kallona. Ya je duba gidan kifinsa, ƙanƙara ta fashe da shi har ƙugu. Wata mata mai yawo da kare ce ta kira motar asibiti. Yanzu yana kwance, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Da aka zo canza masa kaya, igiyar shanyar nan tana naɗe a hannunsa, da ƙyar aka ɓamɓare yatsunsa.

Na sa hannu yau da safe. Na daure, don kada uwarka ta yi kuka. Ba ka yi laifi ba, amma ka bar ni in yi fushi da kai na ɗan lokaci, ba ni da wani da zan yi da shi.

Kakarka,
Margaret

13 ga Fabrairu, 2011

Angona Eli,

Gaisuwa da kewa. Yaya jikinka, yaya marasa lafiyarka? Na ga katinka, rubutunka har yanzu kamar kaza ta yi tono.

An kai shi wani gidan tsofaffi a Salford. Makon farko ya ƙi abinci, ya wuni a bakin ƙofa da kwat a jikinsa, duk wanda ya wuce ya roƙe shi ya haye da shi ruwa. Sai na tuna sana'ar mijina. Na tsige sauran bishiyar, na jera rassan a tagarsa da kan gado, na shimfiɗa tsohon zanena na zumuntar mata, na rataye hularsa a inda ido zai faɗa. Ma'aikatan suka ce ai Kirsimeti ta wuce. Na ce a garinmu sai Ista ake saukewa. Allah ya yafe mini.

Ya cire kwat, ya zauna, ya ci tuwon da na kai. Ina ta murna dabarata ta ci. Can ya miƙa hannu ya shafa reshe ɗaya, ya kira ni Margaret, sunan da rabona da ji a bakinsa tun kafin sanyi. Ya ce mini kifin ya san roba ce, sanyi ne ya yi masa yawa. Nan take kuma ya tambaye ni nawa zan taya tarwaɗa.

Bas biyu nake hawa in dawo. Gidan shiru, ina kunna rediyo a tsakanin tasha da tasha, ƙarar ta ɗan yi kama da minshari.

Na janye yajin. Reshe ɗaya na rage, na sa shi a tagar falo ta bakin titi, ko Allah zai sa wani siririn kifi daga Birmingham ya ratso.

Taka mai jira,
Kaka Margaret