Dariyar da Na Gani ta Taga

Nyanya, Abuja
Maris

Zuwa ga Yayata Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Mika'ilu da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin Abuja da gosulon motocin Nyanya, su kam ba sa zuwa hutu.

Na san za ki yi dariya ki ce Sumayya ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana aiko takarda ta hannun direba. Yi dariyarki. Kin daɗe kina ƙorafin ba na ɗaga kira, har kika ce Abuja ta sa mini girman kai. Wallahi ba girman kai ba ne, Yaya, kunnen ne. Na hagu ya tafi tun bara, wannan kin sani. To na daman ma ya bi sahu. Likita ya ce jijiyar ce, kuma ba ta dawowa. Na'urar da nake maƙalawa tana taimako idan mutum ɗaya ne a gabana ina kallon bakinsa. A aji kuwa, ga fanka, ga ƙarar benci, ga masu okada a bayan katanga, duk sai ta haɗa mini su wuri guda ta zuba a kai. Yarinya za ta ɗaga hannu daga baya ta yi tambaya, ni kuma in yi murmushi in gyaɗa kai. Na ƙware a gyaɗa kai har na gaji da kaina.

Firinsifal ɗinmu ta kira ni. Mace ce mai kirki, ta rubuta mini a takarda don kada ta ɗaga murya a ji. Ta ce daga sabuwar shekarar karatu za a mayar da ni ofishin jarrabawa, ba kora ba ce. Na yi godiya na fito, amma sai da na shiga banɗaki na yi kukana. Ke kin san ni tun ina jera gwangwanaye a tsakar gidan Inna ina koya musu baƙaƙe da tsinken tsintsiya. Idan aka karɓe alli daga hannuna, ban san wace ce ni ba.

Prudence ce ta zo da wata shawara, abokiyar aikina da muke koyar da bayoloji tare. Akwai wani fanni da ake ce wa instructional design, wato tsara darasi tun daga tushe: wa zai koya, me ake so ya iya a ƙarshe, da me za a fara, ina zai gaji. Mai tsarawa ba lallai ya tsaya a gaban aji ba, wani ne zai koyar, ko kuma ɗalibi ya bi da kansa a waya. Ana yin mastas a kai ta intanet, kana gidanka. Da ta gama bayani na ce mata ai wannan shi nake yi kowane ƙarshen mako a kan tabarma, ashe har digiri gare shi!

Makarantun da ke yin sa sun yi yawa, kowace kuma ta ce ita ce sarauniya. Don Allah ki nuna wa Yaya Mika'ilu sunayen da na haɗo, tunda shi malamin kwaleji ne, ya san na gaske ya san na bogi. Ga kuma man zafi na Inna a cikin ledar.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sumayya

Nyanya, Abuja
Mayu

Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya ruwa a wajenku? Nan an fara, har kwatar layinmu ta cika ta batse. Saƙonki ya iso, daddawar ma ta iso, duk wanda ya shigo tasha ranar ya san ta iso.

Ki yi wa Yaya Mika'ilu godiya. Ya tace mini su tsaf, ya zubar da na bogi, ya bar biyu, kuma duka biyun sun ɗauke ni. Na ga inda ya ja layi biyu a ƙarƙashin ta farkon, babbar jami'ar nan ta Turai. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma zuciyata can ta karkata. Sunanta kaɗai idan ka faɗa sai an gyara zama. Na yi ta ayyana ranar da zan ajiye takardarta a teburin firinsifal. Ta biyun kuwa ƙarama ce, ko Prudence da ta san komai sai da ta nemi sunan a waya.

Kafin in yanke, na rubuta wa kowacce tambaya guda: ni ba na ji sosai, yaya zan bi karatunku? Babbar ta amsa da wuri, da ladabi, ta ce in kira wata lamba a yi mini cikakken bayani. Yaya, na daɗe ina kallon lambar nan. Sai kawai dariya ta kama ni, ni kaɗai a ɗakin malamai. Mutanen da za su koya mini in fara tambayar wane ne ɗalibina, su ne suka ce wa kurma ya bugo waya.

Duk da haka ban haƙura ba, kin san taurin kaina. Na shiga ajinsu na gwaji. Kai tsaye ake yi, fuskoki birjik a 'yan akwatuna, kowa na magana, kuma da yawan maganarka ake ba ka maki. Akwai rubutun da kwamfuta ke fitarwa a ƙasa, amma kafin in karanta na wannan, wancan ya karɓe, an yi dariya an wuce. Can sai na hango fuskata a akwatina. Ina murmushi, ina gyaɗa kai. Abin da nake gudu a aji, shi na kwaso na kai Turai.

Ƙaramar ta yi kwanaki shiru har na cire rai. Sai ga amsa doguwa daga wata malama. Ta ce darussansu a naɗe suke, kowane da rubutunsa da mutum ya duba, muhawara ma a rubuce ake yi. Ta faɗa mini gaskiya cewa akwai kwas ɗaya da ba su gama gyarawa ba, za su gyara kafin in kai can. Ta haɗo da darasi guda ta ce in gwada in gaya musu inda ya ba ni wahala. Na buɗe shi a bas, muna tsaye cik a gosulo wajen gada. Har muka iso ban rasa kalma ɗaya ba. Rabon da in fahimci magana daga farko har ƙarshe ba tare da na roƙi a maimaita ba, har na manta.

Ƙaramar na zaɓa. Na san Yaya Mika'ilu ya riga ya gaya wa abokansa ƙanwar matarsa za ta yi karatu a babbar, kuma na san ba zai ji daɗi ba. Ki ba shi haƙuri a madadina, ke kika san lokacin da ake kai masa magana. Ni ma sunan ya yi mini ciwo da na bari. Kuma har yanzu ina tsoro, Yaya. Wataƙila in gama digirin nan tsaf, in tarar takarda ce kawai, malantar ta riga ta tafi.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da Inna.

Taki,
Sumayya

Nyanya, Abuja
Nuwamba

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na ji daɗin jin Inna ta fara takawa zuwa maƙwabta. Na ga 'yan layukan da Yaya Mika'ilu ya ƙara a ƙasan wasiƙarki. Ya ce har yanzu yana ganin na yi wauta, amma Allah ya sa albarka. Ki ce masa na karɓi duka biyun.

Na koma ofishin jarrabawa tun Satumba. Ɗaki ne mai tsit, ko da yake ni yanzu ko'ina tsit ne. Prudence ta haɗa ajina da nata. Makonnin farko ko ta gaban ajin ba na iya bi, sai in zagaya ta bayan tankin ruwa.

Karatu yana tafiya, da wuya amma da daɗi. Aikinmu na farko shi ne mu tsara darasin da wani zai koyar ba tare da muna wurin ba. Na ɗauki tafiyar abinci a cikin jiki. Na raba ajin rukuni-rukuni, waɗannan baki, waɗannan maƙogwaro, waɗannan tumbi, haka har ƙasa. Kowane rukuni da katinsa a rufe. Za a dunƙule takarda a ce lomar tuwo ce, duk waɗanda ta iso hannunsu su buɗe kati, su gano su wane ne, su faɗi abin da za su yi wa lomar kafin su miƙa. Na san yaran nan kamar yunwar cikina. Na san wajen ƙaramin hanji za su fara hamma, don haka na sa gasa a nan. Na kuma san 'yan bencin baya, masu ji da kansu, su lomar za ta iske a ƙarshe. Kin dai san wace ƙofa ce ta ƙarshe, ba sai na rubuta ba. A takardar Prudence na sa mata cewa idan an zo nan ta dakata, za a yi dariya, ta bari su gama.

Ranar Talata Prudence ta koyar da shi. Na ce ba zan je ba, amma ƙafata ta kai ni. Na tsaya a bakin taga daga gefe, inda ba za su gan ni ba. Lomar tana tafiya hannu zuwa hannu. Wajen ƙaramin hanji na ga wata ta buɗe baki za ta yi hamma, sai gasar ta taso ta miƙe zumbur. Ta isa bencin baya. Babbansu ya buɗe katin da isa, ya karanta, ya rufe fuska da shi.

Yaya, ban ji komai ba. Amma na ga kafaɗu suna rawa, na ga masu dukan benci, na ga wata ta kife a kan ƙawarta. Prudence ta duba takardata, ta naɗe hannu ta jira su, kamar yadda na rubuta. Daidai inda na ajiye dariyar, nan suka same ta. Na riƙe ƙarfen tagar ina hawaye, ni ma ina dariya.

Da aka tashi na koma ofis na buɗe kwamfuta. A shafin makarantar tamu ta intanet akwai wurin da ake so kowane ɗalibi ya rubuta sana'arsa a ƙarƙashin sunansa, ni kuma tun da muka fara na bar nawa fayau. Ranar na cike shi. Na rubuta malama.

Ki karanta wa Inna wannan, da ƙarfi yadda za ta ji. Ki ce mata mai gwangwanaye tana nan tana koyarwa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Malama Sumayya