Baiti na Goma Ya Kuɓuce Mini

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙafar? Ya yara da mutan gida? Mu nan garin Laurel, a ƙasar waje, lafiya lau.

Kin tuna waƙar ƙin zalunci da ake faɗa ba kiɗa, wadda aka ɗaure Baba saboda ita? Jikata Safiya, 'yar jami'a, ta zo za ta ɗauka a waya. Na ƙi. Na ce, "Amarya, wannan a ka ake ajiye ta." Sai na fara koya mata da baki. Yarinyar da ke amsa mini da Turanci, yau ta haddace baiti tara, har ƙawayenta na karɓa! Na goman ne ya kuɓuce mini, kuma ke kaɗai kika rage.

Ki gaida maigidanki Malam, a sa mu a addu'a. Baitin kuwa, ki turo mini ta waya, kada amaryar ta ji.

Yayanki,
Ɗanjuma