Jirgin da Bai Nufi Gabas Ba

Zuwa ga Yaya Isa, a Dutse.

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya iyali da damina?

Har yanzu muna Sudan, kuɗin jirgin ƙasa zuwa bakin teku ya gagare mu. Sai wani mai farin rawani ya zo zango, wai akwai tarago kyauta domin maniyyata, fisabilillahi. Na ce wa ƙaninmu Habu banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya yi dariya, ya shiga.

Yaya, a gabana jirgin ya tashi. Bai nufi gabas ba, kudu ya yi. Har yau shiru, kuma jiya mutumin ya dawo yana tambayar sunana.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. In Inna ta tambaya, ka ce muna hanya.

Ƙaninka, Musa.