Na wanke gwangwanayen sau bakwai

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure, don na san a cikinku babu sa'ana. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi tun ina amarya, kwana huɗu na ɗauka ina danna wannan da yatsa ɗaya. Sunayen mutane na sauya su, ƙauyukan ma na ɗan karkata. Magana ce ta wani bawan Allah da sunansa ya ɓaci saboda ni shekara hamsin ke nan, yanzu kuma ɓacin sunan ya biyo 'yarsa.

Rani ne, na shekarar babban fari, ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, gyaɗa kuwa ko irin da muka shuka ba mu mayar ba. Shekara ce mai shiru, sai ka wayi gari a ƙauyenmu Balan ba ka ji ƙarar turmi ko a gida ɗaya ba, rijiya sai an haɗa igiya biyu. Maza duk sun tafi cirani birni. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, bai tafi ba saboda yana da sana'ar hannu, yana yanka tsofaffin gwangwanaye ya liƙe da dalma ya yi acibalbal, fitilar nan ta kananzir, da mazurari da kofin shan ruwa. A wajen abokinsa ya koya, Malam Bukar na Toranke, Babarbare ne amma kakanninsa ma a nan aka binne su. Mutum ne mai raha, in ya shigo zaure sai na jiyo dariyarsa daga madafa. Amma a kan aiki yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita, yana cewa gwangwanin da bai taɓa ɗaukar abinci ba, ba ya shayar da mutum. Na madara da na kifi su ake yin kofi da su, na fenti da na mai da duk wani mai wari sai dai fitila.

A cikin ranin nan wani jami'i ya zo daga gwamnatin jiha a Landiroba. Ya ce gwamnati na so ta tallafa wa masu mayar da tsohon kaya sabo, masu gwangwani da masu takalmin taya da masu gugar roba, za a ba su rumfa a kasuwar Gaya, kuma gwamnati da kanta za ta riƙa sayen kofuna da fitilu tana kai wa makarantu da ɗakunan shan magani. Sharaɗi biyu ne, a yi ƙungiya mai shugaba, a samu mai rubuta wanda ya kawo kaya da inda ya samo su. Aka zaɓi Malam Bukar shugaba. Da aka zo kan rubutu maza tara suka kalli juna, duk allo suka yi, babu mai boko. Malam Bukar ya ce, “To ga uwargidan abokina can ta ƙoshi da a, ba, ca na boko, a ba ta littafin mu huta.” Daga ranar bai ƙara kirana da wani suna ba sai Sakatare. Ina cikin gida, a miƙo mini littafi daga zaure in rubuta in mayar. Wallahi na ji daɗi, ni da ba a taɓa tambayata komai ba sai me za a dafa.

Wata uku abin ya tafi daidai, muka ci tuwo sau biyu a rana alhali maƙwabta na tafasa rama. Sai aka kawo babbar oda ta kofuna, saboda an fara dama wa yara kunu a wasu makarantun firamare don yunwa kada ta kore su. Matsalar ita ce gwangwanin madara ya yi wuya, a shekarar da babu mai hatsi wa zai sha shayi da madara. Kowa aka yanka masa adadin da zai kawo, maigidana kuma nasa bai cika ba. Wata ranar Laraba ya dawo da buhu biyu a kan keke, gwangwanaye masu kyau masu kauri, ya ce a bayan wani sito na kayan gona ya tsince su an zubar. Da na buɗe buhun wani wari ya shige mini hanci har idona ya yi ruwa. Akwai rubutu a jiki amma Turanci ne, mu kuma Hausa kaɗai aka koya mana karantawa. Na ce Malam wannan ai na maganin ƙwari ne, dokar Malam Bukar fa? Ya ce in ba mu cika ba za a ba wa mutanen wani gari odar, ki dubi yaran nan uku ki faɗa mini me za su ci.

A nan ne na yi kuskuren. Tun muna yara mun ji cewa ƙwaryar da kare ya lasa, in an wanke ta sau bakwai ta tsarkaka. Na ce a raina, me ya fi bakin kare ƙazanta? In bakwai ta isar wa wannan, ta isar wa maganin ƙwari. Na zauna a bayan ɗaki da toka da yashi da kanwa, da ruwan da na yi rabin yini ina jira a bakin rijiya, na wanke kowane gwangwani sau bakwai ina ƙirgawa da bismillah, na shanya a rana. Da na shinshina da yamma warin ya ragu sosai, saura kaɗan can ƙasa, na ce wannan na kanwa ne. Ni na ce wa maigidana sun tsarkaka, ba shi ya ce ba. Ban san tsarki daban dafi daban ba. Na kuma rubuta a littafi da hannuna cewa buhu biyu daga gidanmu, daga bayan sito.

Yadda ake aikin, kowa ya yanka nasa ya gyara baki, sai a tara a kai wa Malam Bukar ya liƙa mariƙi ya buga alamarsa a gindi, ɗigo uku da ƙusa, don jami'in ya ce alama ɗaya yake so. Namu sun je a yanke a goge, sun gauraya da na kowa, bai gane ba. Bayan sati biyu labari ya zo, a wata makaranta ta wajen Ajingi an zuba kunu mai zafi a sababbin kofuna, yara sun yi ta amai da jiri, wasu har an kwashe su zuwa asibiti. Alhamdulillah babu wanda ya rasu, wannan kaɗai nake riƙewa. Aka juya kofunan aka ga ɗigo uku.

Kafin jami'in ya iso maigidana ya shigo, ya ce in yage shafin in sake kwafa ba tare da layin nan ba. Mun yi sa'insa da ba mu taɓa yin irinta ba, na ce a faɗi gaskiya tunda ba da gangan ba ne, ya ce in aka ɗaure shi ni da yara sai bara, shi kuwa Bukar yana da 'yan uwa masu fatauci da za su riƙe gidansa. Na kwafa, na sa tsohon shafin a murhu. Jami'in ya tsaya a zaure ya tambaye ni ta bayan asabari, “Malama, littafin nan ya cika?” Na ce ya cika.

Malam Bukar ya rantse a gaban alƙali bai san inda gwangwanayen suka fito ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma alamarsa ce a jiki. Wata shida ya yi a gidan yari. Aka rufe rumfar, aka soke odar, masu takalmi da masu guga da babu ruwansu su ma tallafin ya wuce su, a yankinmu kuma mutane suka daina sayen duk abin sha na gwangwani. Da ya fito bai ƙara riƙe almakashi ba. Matarsa tana ƙuli-ƙuli aka daina saye, yara na bin 'ya'yansa suna cewa 'yan gidan guba. Abin da ya fi cina, bai taɓa zarginmu ba, bai yanke zumunci ba, duk sallah sai ya zo. Sau ɗaya na tayar wa maigidana da maganar bayan shekaru, ya ce abin da ya wuce a bar wa Allah, ya juya fuskarsa bango. Haka ya rasu.

To yanzu ga abin da ya taso. Malam Bukar yana nan da rai, ya haura casa'in, idonsa ya tafi, ba ya tashi sai an tayar. 'Yarsa Falmata, wadda take goye lokacin da aka ɗaure shi, mijinta ya rasu, ta tara mata kusan ashirin suna tsintar ledar fiya wata da tsofaffin buhuna, su wanke su ɗinka jakar makaranta. Aikinsu tsaf, na gani da idona. An fito da wani shirin gwamnatin jiha irin na wancan lokacin, za a ba ƙungiyoyi shago a haɗa su da makarantu masu saye, suka cike fom, aka zo aka duba aka yaba. Sai wasu da su ma suke nema suka kai ƙorafi, wai gidan nan ne suka taɓa sa wa 'yan makaranta guba, yaya za a sake ba su kayan yara. Kwamiti ya ce zai zauna ranar Alhamis mai zuwa a Gaya ya ji ta bakin dattawa. Maza taran nan duk sun rasu in ban da shi, ni kaɗai na rage mai ƙarfin zuwa.

Ranar Asabar Falmata ta zo har ɗakina da ƙullin goro, ta durƙusa ta ce, “Inna, ke ce mai littafin. Ba na ce ki yi mana ƙarya ba, ki je dai ki faɗa masu Baba bai sani ba. Ni ba shagon ne ya fi damuna ba, so nake kafin ya tafi a daina kiransa da sunan nan.” Har tana tsokanata wai in sa sabon mayafi saboda manya za su zo. Na ce to Falmata, Allah ya kai mu. Ban iya kallon fuskarta ba.

Bayan ta tafi na kira babban ɗana na faɗa masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Shi ne na'ibin liman a unguwarmu, kuma 'ya'yansa mata biyu aka sa wa rana bayan sallah. Da farko ya ce tsufa ne ya fara rikita ni. Da ya ga ba haka ba ne sai ya ce kabarin mahaifinsa nake so in tone, mutumin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba, kuma sunan gidan guba ba ɓacewa zai yi ba, tashi zai yi daga Toranke ya sauka a ƙofarmu, a kan jikokina da ba su san komai ba. Ya ce in dole sai na je in ce Malam Bukar bai sani ba in yi shiru. Na ce in suka tambaye ni to wa ya sani fa, in sake cewa littafi ya cika? Ya ce shi dai ba zai kai ni ba, kuma in na faɗa in san na zaɓi bare a kan jinina. Ya fita bai yi mini sallama ba, abin da bai taɓa yi ba tun da na haife shi.

Ni dai ban ga hanyar da babu ɓarna ba. In na yi shiru matan nan ashirin sun rasa kasuwarsu, shi kuma ya mutu da laifina a wuyansa. In na yi magana na kunyata mamaci da 'ya'yana, kuma ba ni da shaida ko ɗaya tunda na ƙone ta da hannuna, ƙila ma kwamitin su ce tsohuwa ce aka saya da goro. Ko sun yarda, wa zai mayar masa da wata shida da shekara hamsin? Don Allah ku faɗa mini, in je ranar Alhamis in faɗi duka? In faɗi rabi kamar yadda ɗana ya ce? Ko in samu Falmata ita kaɗai in faɗa mata, ta yi da ni yadda ta ga dama? Malaman cikinku, haƙƙin wa ya fi nauyi a kaina, na mijin da ya rasu ko na mai rai da muka zalunta?

Na san wasunku za su ce in fara zuwa wajensa in nemi gafara. Na je. Washegarin ranar da Falmata ta zo, da hantsi, na hau mota zuwa Toranke ban faɗa wa kowa ba. Na same shi kwance a tabarma a inuwar ɗaki, ina yin sallama ya ɗago kai ya ce, “Sakatare! Ashe ba ki mutu ba?” Na ce ina jiran shugaba ya wuce gaba. Ya yi dariya har da tari. Na matso kusa na ce Malam akwai maganar da ta kawo ni, a kan abokinka. Sai ya laluba ya kama bakin mayafina ya ce, “Allah ya ji ƙan abokina. Kin san duk watannin da na yi a ɗaure shi kaɗai ne yake kai wa iyalina gero? Ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.”

Na ce amin. Na tambaye shi jiki, na ajiye masa goro, na hau mota na dawo gida.