Ƙyallen Likkafanin Da Aka Yanka Wa Jikata

Daga mai kula da zaure: Wata dattijuwa ce daga Samaru ta aiko da wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta. Sunayen da ke ciki ma an sauya su. A ba ta shawara, a kuma kiyaye harshe.

Assalamu alaikum 'ya'yana na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, don wallahi kwana bakwai ke nan ban ci abincin kirki ba. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata ce mai aikin buga takardu take rubuta abin da nake faɗa, ta ce za ta kai shi kafe, shagon nan na intanet, ta aika muku, in kun amsa ta bugo a takarda ta karanta min. Na ce mata kada ta gyara min magana, har inda na yi laifi ta rubuta shi yadda yake.

Ni tsohuwa ce, mijina ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lebura ne a gonakin gwaji na nan Samaru. Haihuwa biyar na yi, huɗu suka koma tun suna ƙanana, Allah ya bar min ta fari ita kaɗai, Rakiya. Kun san yadda muke, 'yar fari ba a kiran sunanta. Har ta girma ta yi aure ban taɓa buɗe baki na ce Rakiya ba, sai dai in ce "ke", ko in ce "yarinyar nan". Ta auri wani mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, zan kira shi Isa, suna zaune gida ɗaya da uwarsa, Hajiya.

Cikin 'yata na fari yana wata shida da 'yan kwanaki jijjiga ta kama ta. Tun safe take faɗuwa, Hajiya tana turara mata hayaƙi wai iska ce, ba a aiko min ba sai bayan la'asar, lokacin wayar hannun nan ba ta yawaita ba. Da muka kai ta asibiti aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace da rai. Ita kuwa 'yata ba ta farka ba. Ban ji muryarta ba, ba ta ji tawa ba, haka muka rabu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jaririyar aka sa ta a kwalba. Da aka nuna min ita ta gilashi sai da na dafa bango. Mudun gero ya fi ta nauyi, fatarta ja kamar an saɓule ta, ana ganin jijiyoyi, hannunta bai fi ɗan yatsana kauri ba, ga roba a hanci. Isa ya leƙa sau ɗaya ya juya yana kuka, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka. Hajiya kuwa da aka ce ta zo ta gani cewa ta yi ita ba ta kallon abin da bai gama zama mutum ba.

Washegari a gidansu aka yi wa 'yata sutura. Ina zaune a ɗakin ana yanka likkafani, sai Hajiya ta ce wa mai yankan ta rage ƙyalle kamar kamu uku, wai na 'yar kwalbar ne, kada gobe a sake wahalar zuwa kasuwa. A gaban gawar uwarta, yarinya tana can tana numfashi. Aka yanke, aka ninke, Hajiya ta miƙo min da hannunta ta ce in riƙe tunda ni ce zan zauna asibitin. Na karɓa. Har yau ina tambayar kaina me ya sa ban jefa mata shi a fuska ba. Na cusa shi a lalitata na koma asibiti.

Ranar suna ba wanda ya zo daga Sabon Gari, ko goro ɗaya. Isa an ce ya kasa zama gari ya bi abokan kasuwarsa kudu. Wani malami da ke jinyar matarsa na roƙa, ya tsaya bakin taga ya yi mata huɗuba, ya tambaye ni suna. Na ce Rakiya. Ranar ce rana ta farko da sunan nan ya fita daga bakina, kuma mai shi tana cikin ƙasa.

Akwai wata nas, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata, Allah ya saka mata. Da yarinya ta yi kusan wata guda ta ce min, "Mama, cire riga." Na ce a nan, gaban mutane? Ta ce, "Wa zai kalle ki, Mama, ni da ke duk mun wuce kasuwa." Ta ɗora min ita a ƙirji, fata da fata, tsakanin nonuwan da suka bushe shekara ashirin, ta ɗaure mu da zani. Ta ce daga yau ni ce kwalbarta. Ta koya min ba ta madara da sirinji, ɗigo ɗigo, duk bayan awa biyu. Ta nuna min cewa irin waɗannan yaran sukan manta da numfashi, in na ji ƙirjinta ya yi shiru in murza tafin ƙafarta da yatsa har ta ja iska. Ban san sau nawa na murza ƙafar nan ba. A zaune nake salla, a zaune nake barci, hannuna ɗaya kullum yana kan ƙafarta.

To ga inda na yi laifina. Ranar sadakar arba'in na bar ta wurin Sista na je Sabon Gari da safe. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina. Hajiya ta dube ni, ba ta ce ya mai jiki ba, ba ta ce ya yarinya ba, sai ta ce, "Ƙyallen nan dai ya yi amfani ko?" Wallahi ban shirya ba, ban kwana da niyyar ƙarya ba. Sai kawai na ce, "Ta koma." Ta ce Allah ya sa mai ceto ce, dama ita ta faɗa. Ta juya ta ci gaba da ƙirga wa mata waina. Ba ta ce yaushe ba, ba ta ce wa ya sallace ta ba, ba ta ce a ina aka sa ta ba. Na shiga mota na koma na ɗauki jikata na ɗaure a ƙirji, ina kuka tana barci.

Bayan wata biyu da rabi aka sallame mu. Na yanka tunkiyata guda ɗaya da nake da ita na raba wa maƙwabta, na ce na sunan Rakiya ne. A da waina nake soyawa ina sayar wa ɗalibai, likita ya ce hayaƙi zai kashe yarinyar, na kife tanda na koma kitso da ɓarar gyaɗa. Matan unguwa suna dariya wai tsohuwa ta haukace tana goyo ta gaba, masu zuwa barka na hana su ɗaukarta, aka ce na cika iyayi, wasu har yau ba ma gaisawa. Ba ta zauna ba sai da ta shekara, ba ta taka ba sai da ta wuce biyu. Sau huɗu ana kwantar da mu saboda ciwon ƙirji. Idonta bai da ƙarfi, tana sa tabarau mai kauri da na ɗaure mata da zare ta ƙeya, yara suna tsokanarta da 'yar kwalba, ita kuwa ta ce musu ai ita a gilashi aka raine ta, su fa a tabarma. Yanzu shekararta shida, tana aji ɗaya, baki kamar rediyo. Inna take ce min. Da ta tambayi babanta na ce ya yi tafiya mai nisa.

A shekara shidan nan, tsakanin Sabon Gari da Samaru mota ɗaya ce, ba wanda ya tako ya ce bari in gaida tsohuwar nan da ta rasa 'yarta. Da sun zo sau ɗaya da sun gan ta a ƙirjina. Ban ɓoye ta a rami ba, duk unguwa an san jikata ce.

Ranar Talata ta makon jiya na kai ta asibitin Shika a duba mata ido. Muna kan benci sai ga Hajiya, an kawo ta ita ma idonta ya yi yana. Da ido ɗaya mai gani ta ƙura wa yarinyar, don kamar Isa ya yi kaki ya tofar, har wushiryar. Nas ta kira suna, Rakiya Isa, yarinya ta miƙe. Abin da Hajiya ta yi a asibitin nan ba zan iya maimaita shi duka ba. Ta kama min mayafi tana ihu wai ɓarauniyar yara, wai mayya na cinye 'yata na sace jikarta, sai da masu gadi suka raba mu. Yarinya ta ƙanƙame ni tabaranta ya faɗi ya tsage.

Kwana biyu sai ga Isa da ƙannensa biyu har gida. Da ya gan ta ya durƙusa a tsakar gida yana kuka, ita kuwa ta ɓuya bayana tana tambayata wane ne wannan. Da ya tashi sai ya zama wani mutum. Ya ce shekara shida yana yi wa 'yarsa addu'ar matattu, duk azumi yana sadaka da sunan uwa da 'ya, na sa ya binne 'yarsa a zuciya tana raye. Ya ce ni azzaluma ce, ba zai yafe min ba har gaban Allah. Na ce masa da ya tambayi kabarinta sau ɗaya da ya same ta. Na ce ina yake ranar suna, ina yake lokacin da nake murza ƙafa. Na gaya masa maganar ƙyalle, ya ce ƙarya nake, uwarsa ba za ta yi haka ba, wanda ya yi ƙaryar mutuwa wace ƙarya ce ba zai yi ba. Wannan maganar ta fi duk zagin ciwo. Ƙanensa ya ce in ba don furfurata ba da a ofishin 'yan sanda zan kwana.

Mai unguwa ya shiga tsakani, ya sa ranar Asabar mai zuwa a zauna a ƙofar gidansa. Isa ya ce ranar zai tafi da 'yarsa, in na ƙi sai kotu. Liman ya kira ni ya ce na yi babban kuskure, 'ya ta ubanta ce, in tuba in nemi gafara. Ƙanena da nake jin zai tsaya min cewa ya yi na jawo wa zuriya abin kunya. Wata ƙawata kuma ta ce in ɗauke ta mu gudu ƙauyenmu ta wajen Giwa, amma can ina likitan ido, in ƙirjinta ya tashi wa zai sa mata iskar asibiti?

Na yarda na yi ƙarya, kuma ina tsoron Allah a kanta. Na yarda yaron nan ubanta ne, ya yi aure, matar ban san ta ba, ba zan ɗauki alhakinta ba. Amma gidan da za a kai ta da itace ake girki a tsakar gida safe da yamma, kuma Hajiya ce mai gidan. Wa zai san in ta fara tari irin na cikin maƙoshi ba a jira gari ya waye? Wa zai ɗaure mata tabarau? Matar da ta auna ta da kamu uku ita ce yau take cewa jikarta? Ba na ɓoye muku, ban yafe wa matar nan ba, kuma ban jin zan iya. 'Yata ɗaya ta shiga gidan nan da ƙafarta aka fito min da ita a makara, yanzu an ce in kai ta biyu da hannuna, mai suna ɗaya da ta farko.

Ƙyallen yana nan a ƙasan akwatina, bai taɓa ganin ruwa ba, ya yi ja ta wurin ninkin. Matar da ta yanka shi tana raye a Sabon Gari, ban san ko za ta faɗi gaskiya ba. Jiya na fito da shi ina dubawa, Rakiya ta shigo ta fizge ta yafa a ka wai ta samu ɗankwalin Islamiyya, ko kafaɗarta bai rufe ba. Ta ce, "Inna, wannan na wace 'yar tsana ce?" Na karɓe na ce na wata ce da ba ta zo ta karɓa ba.

To ku gaya min, 'ya'yana. Ranar Asabar in tafi da ƙyallen nan in shimfiɗa shi gaban mai unguwa da Isa, in tona asirin uwarsa a bainar jama'a, ko da hakan zai sa su ƙara tsanata su hana ni ganin yarinyar har in mutu? Ko in bar shi a akwati, in durƙusa wa Hajiya in ba ta haƙuri, ko za su ji tausayi su bar min ita ko da zuwa ta ƙara ƙwari? Masu ilimin shari'a a cikinku, kakar da ta yi ƙarya irin tawa tana da sauran haƙƙin riƙo, ko na zubar da shi da bakina? Wanda zai zage ni ya zaga, na sha wanda ya fi nasa a makon nan, amma in ya gama ya ba ni shawara.

Kuma ku gaya min abin da zan ce wa ita yarinyar. Tun ranar da suka zo ba ta yarda ta kwanta a shimfiɗarta, sai a ƙirjina, ta yi nauyi har numfashina yana ɗaukewa, ban kuma iya cewa ta sauka ba. Kwana huɗu ya rage.