Inna, Me Ya Sa Kike Kiran Sunana?

Zuwa ga Inna, a makwancinta na Batsari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta yi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Mu nan lafiya lau. An yanke gero, dawa ta kusa. Ƙanena Iliya da iyalinsa suna nan ƙalau. Ɗana Kabiru ne dai ba ya ci ba ya sha, kuma a kansa na zauna rubuta miki.

Kin san maganar tun kina da rai. Yana son Sa'ade, autar Baba Tanko maƙeri, mutanen Tsaskiya ɗin nan da rashin zaman lafiyar daji ya koro suka zauna a bayan kasuwa. An kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka, ga kaka ta zo. Ni kuwa tun rasuwarki na rasa sukuni, don ina zargin yarinyar nan ƙanwata ce uba ɗaya. In haka ne, ɗana zai auri ƙanwar uwarsa. Kin ji abin da ke cina. Masu karanta wannan su karanta, gobe ma zancen zai fita.

Ranar sadakar ukunki abin ya fara. Mata cike da tsakar gida, sai wata tsohuwa da ta zo daga Safana ta ce ita dai ba ta taɓa ganin uwa mai kiran sunan 'yar fari gatsal irin marigayiya ba. Yabo take yi, baiwar Allah. Amma sai mata suka shiga kallon juna. Gwaggo Delu, ƙanwar Baba mijinki, ta miƙe wai za ta yi alwala, alhali yanzu ta sallame la'asar.

Na koma ɗaki ina juya maganar. Kowace uwa a garin nan tana kunyar ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ke kuwa tun daga bakin rijiya ake jin ki: “Rabi, zo ki kama min.” A cinyarki nake kwanciya ki yi min kitso. Iliya, wanda aka ce shi ne na biyu, shi kike ce wa “wannan yaron”. In ya shigo sai ki kawar da kai. Ranar aurensa ɓuya kika yi a gidan maƙwabta. Ni da wautata har gori nake yi masa, wai an fi sona.

Wa kike kunya, Inna? Wane ne ɗan farinki?

Daga nan abubuwa suka riƙa dawo min, ban kira su ba. Ina ƙarama nakan ɗauki garwashi da hannu in kai wani murhun, ko a jikina. Wata rana Ladi maƙwabciyarmu ta gani, ta yi dariya ta ce yarinyar nan sai ka ce jinin maƙera. Ranar kika mare ni, marin da ba ki taɓa yi min ba, ba ki kuma ƙara ba. Ladi kuma har ta tashi daga unguwar ba ta sake samun aron turminki ba. Kwanan baya Sa'ade ta zo taya ni girki, na ga ta sa yatsu ta ɗauki garwashi kamar mai tsintar gyaɗa. Na san wannan ba hujja ba ce, mata da yawa suna yi. Amma sai da na tuna marin nan.

A Tsaskiya aka haife ki, amma ko sau ɗaya ba ki kai mu ba. In na tambaya sai ki ce, “Ba mu da kowa a can.” Ƙanwarki Hanne da ta rasu da ƙuruciya, ba ki taɓa faɗin abin da ya kashe ta ba. Duk azumi sai kin soya ƙosai na sadaka dominta, kuma ni kaɗai kike ba wa in raba. Ko Iliya ya miƙo hannu sai ki ce a bar Rabi ta kai.

Ranar da Kabiru ya faɗa miki wadda yake so, kina tankaɗe. Kika ajiye rariyar kika ce, “Matan Batsari sun ƙare ne?” Na ɗauka ƙyamar baƙi ce, ko raina sana'ar ƙira, har na yi miki musu, na tsaya wa yaron. Ba a jima ba ciwon nan ya kayar da ke, ya tafi da bakinki. Duk zuwan da Sa'ade ta yi duba ki, sai ki damƙe wuyan hannuna kina girgiza kai, hawaye na zuba. Na ce mata ciwo ne.

Makon jiya na kasa haƙuri. Na ɗauki tsohon laujen Baba na tafi maƙerar Baba Tanko da sunan gyara. Ya yi min ta'aziyya, ya yi miki addu'a mai tsawo. Sannan ya ce ai shi ya fi kowa murna da auren nan, don zumuncin da ya yanke zai ƙullu. Hanne matarsa ce ta fari. Ta tafi goyon ciki gidanku, sai aka aika masa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, har an rufe su. Yana faɗa yana duban wuta. Ni kuwa hancinsa nake kallo, da ɗan karkacewar ƙaramin yatsansa, na ɓoye nawa hannun a cikin mayafi.

Ashe muna da kowa a can, Inna.

Washegari na hau babur zuwa Yasore wurin Gwaggo Delu, ita kaɗai ta rage cikin manya. Na tambaye ta kai tsaye: jaririn Hanne ya mutu ko bai mutu ba? Ta yi ta kuka, ta ce matattu sun huta, in bar su. Ta kawo min fura, ta shiga zancen tsadar taki. Sai da na kai bakin zaure ta biyo ni ta kama gefen zanena, murya ƙasa ƙasa ta ce, “Amma kada a ɗaura.” Iyakar abin da na samu ke nan.

Ina jin haushinki, wallahi ina ji. An ce kin daɗe a gidan Baba ba haihuwa kafin a same ni. To ko kin ga jaririya ba uwa ne, ke ga hannu ba ɗa, kuka haɗa baki da Baba da dangi kuka ce wa mutum 'yarsa ta mutu? Ko Hanne ce ta roƙe ki kafin ta cika? Ko akwai abin da kika gani a gidan Baba Tanko da ya sa kika gudu da ni? Ban sani ba, kuma kin tafi da amsar. Da tun kina da baki kika ja ni ɗaki kika faɗa min, da ni na san yadda zan raba yaran nan cikin rufin asiri.

Yanzu Kabiru ya gama shafe ɗakinsa. Na ce masa a dakata, ya durƙusa ya tambaye ni laifin me Sa'ade ta yi. Yarinyar kuma har yanzu tana zuwa gaishe ni, tana sunkuyar da kai tana ce min Mama.

Gobe in Allah Ya kai mu, ni da Iliya za mu je wurin liman, daga nan mu wuce gidan Baba Tanko, a aika a ɗauko Gwaggo ta faɗa da bakinta. Zan tona abin da kika rufe tsawon rayuwarki, garin nan zai tauna sunanki, ɗana zai daɗe bai kalle ni ba. Na auna duka, ba zan iya zuba ido a ɗaura haram ba.

Amma ki sani, duk abin da za a faɗa gobe, ke kika goya ni. Ke kika yi jinyata lokacin ƙyanda. Da na haifi Kabiru ke kika riƙa dafa min ruwan wanka, kina tsaye a kaina har in shanye kunun kanwa. In sata kika yi, ban taɓa ganin an riƙe abin sata da irin wannan tattali ba. Ina kewarki, Inna, har cikin ƙashina.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki wannan in har kin aikata. Allah Ya jiƙan Hanne, Ya kai mata ladan ƙosan da na riƙa rabawa ban san ko na uwata ba ne. Ya sanyaya zuciyar yaran nan biyu, Ya ba tsohon nan ƙarfin jin abin da zai ji. Ni na yafe miki tun yau, kafin gobe ta zo in kasa.

Taki,
Rabi, ko wace ce ta haife ni.