Na Mayar da Ankon Kawuna, Yanzu Ana So a Yi Fim da Labarin

Anti Sa'adiyya, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin in amsa abin da ba zan iya janyewa ba. Na rasa wanda zan kai wa maganar nan, domin duk wanda na sani a Kazaure ko dai ɗan'uwana ne ko abokin aikina, kuma kowa ya riga ya zaɓi ɓangarensa. Maigidana Bafulatani ne, mu kuwa Barebari ne, da na gaya masa sai ya ce shi ba ya shiga rigimar Barebari, ya yi ta dariya ya fita.

Ni malamar sakandare ce, kimiyyar siyasa na karanta a jami'a. A zaɓen da ya gabata na shiga aikin sa ido a ƙarƙashin wata ƙungiyar mata ta nan gida, wadda wata babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tallafa wa zaɓe da dimokuraɗiyya take ɗaukar nauyinta. Sun horar da mu sosai, wannan ba zan ɓoye ba. Sun koya mana yadda ake duba akwati kafin a rufe shi, inda za mu tsaya lokacin ƙirga, da yadda za mu yi shiru ko da zuciyarmu na tafasa. Abin da suka fi nanatawa shi ne kada mu nuna goyon bayan kowa, kuma kada mu karɓi komai daga hannun ɗan takara, ko da ruwan leda ne.

To, Anti, a wannan zaɓen ne yayan mahaifiyata, Kawu Sheriff, ya fito takarar ɗan majalisar jiha. Ɗan kasuwar hatsi ne, harkarsa ta fi ƙarfi a Babura, kuma shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. Tun farko na sanar da ƙungiya dangantakarmu, suka yaba, suka tura ni Gwiwa inda sunansa ba ya kan takardar ƙuri'a. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ana dab da zaɓe aka sa bikin 'yarsa Zulaikha. Kin san bikinmu ba ya yiwuwa sai da anko. Da aka kawo mini nawa turmin daga wajen kakarmu, Hajja Kaka, na warware sai ga fuskar Kawu tana yi mini murmushi daga kowane lungu na atamfar, ga alamar jam'iyya a ƙarƙashin gemunsa. Na zauna na yi ta tunani. Ranar biki kowa da waya a hannu, hoto kuma ba ya zama inda aka ɗauke shi. Idan aka gan ni da wannan zane, sannan aka gan ni a rumfar zaɓe ina cewa ni ba ta kowa ba ce, wa zai yarda da ni? Sai na ninke turmin yadda ya zo, na sa a ledarsa, na ba matar yayana Ma'u ta mayar wa Hajja Kaka, tare da bayanin cewa dokar aikinmu ta hana.

Ranar yini na je da shuɗin leshi. Tsakar gida cike da mata, kowacce ta ɗaura Kawu a ƙugu ta yafa shi a kafaɗa, ni kaɗai kamar baƙuwar da ta ɓata hanya. Mahaifiyata, baiwar Allah, har ɗankwali da mayafi da jakar hannu ta sa aka yi mata da atamfar, wai ko za ta cike gurbina. Hajja Kaka ba ta amsa gaisuwata ba, ta juya harshe zuwa Barbarci, wanda ba ta yi sai ranta ya ɓaci ƙwarai. Mafi muni, hoton da aka ɗauke mu ya faɗa hannun abokan hamayya, suka zagaye ni da jan layi suka watsa shi da rubutun cewa ko 'yar ƙanwarsa ta ƙi saka shi. Wannan ya yi mini zafi har yau.

Da safiyar zaɓe na biya in gaishe da Hajja Kaka sanye da falmaran ɗin da ƙungiya ta ba mu, mai tambari a ƙirji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe ba anko nake ƙi ba, nasu ne bai yi mini ba, ga shi na sha ankon Turawa. Na kama hanyar Gwiwa.

Aikin kuwa na yi shi, kuma ina alfahari da shi. Na wuni a tsaye. Na ga tsohuwar da aka kawo a bayan babur ta ce ba za ta tafi ba sai an ƙirga a gabanta, kuma aka ƙirga a gabanta. Wakilan jam'iyyu suka yi ta leƙen fuskata don su gane ta wa ce ni, ba su gane ba.

Kawu ya faɗi zaɓe, da ƙaramar tazara. Washegari bayan la'asar samarinsa suka cika ƙofar gida da babura suna cewa an yi maguɗi, jira kawai suke ya ce musu su tafi su yi ɓarna. Sai ya aiko a kira ni, ni da bai yi wa magana ba tun biki. Ya tambaye ni tsakanina da Allah ko an cuce shi. Na ce ban tsaya a mazaɓarsa ba, amma abokan aikina da suka tsaya sun ce kayan zaɓe sun makara a wasu wurare, sai dai an ƙirga a gaban wakilai, kuma abin da aka manna a bango shi aka sanar. Bayaninmu ma ya riga ya fita a rediyo. Sannan ya ce duk gidan nan kowa abin da zai faranta masa yake faɗa, amma yarinyar da ta iya dawo masa da fuskarsa a cikin leda ba za ta yi masa ƙarya ba. Ya fita ya tsaya a gaban samarin, ya kira wanda ya ci zaɓen ta waya, ya buɗe murya kowa na ji, ya taya shi murna. Aka watse ba a fasa ko gilashi ba. Anti, ban taɓa jin girman gidanmu kamar ranar ba.

Ga inda matsalar take. A taron bitar aiki na ba da wannan labari, aka tafa. Akwai wata jami'a Baturiya daga babban ofis, mutuniyar kirki, tana yafa gyale tana gaida kowa da sannu da aiki har waɗanda ke zaune ba sa komai. Tana ta rubutu ina maganar anko, amma na lura da na iso wajen wayar da Kawu ya buga, biron nata ya tsaya. Yanzu sun ce suna so su yi ɗan gajeren fim a kaina: jarumar da ta bijire wa matsin dangi da al'ada. Suna so a ɗauka a tsakar gidanmu, duwatsun Kazaure a bayana, ina riƙe da atamfar. Tunda nawa turmin ya koma, wai in aro na mahaifiyata. Za a nuna shi a taron masu ba da tallafi a ƙasar waje, za a tafi da ni, akwai kuma kwas na wasu watanni.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina so. Iyakar fitata waje Magarya ce ta Nijar, ita ma ta'aziyya muka je. Kuma ina ganin na cancanta. Amma Hajja Kaka ba ta daɗe da dawo da aiko mini kunun gyaɗa ba, Kawu kuma in ya gan ni yanzu har tsokanata yake yana kirana alƙaliya. Mahaifiyata ta ce in ƙi kawai in yi shiru. Abokan aikina sun ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Me zan yi?

Taki,
Mai Shuɗin Leshi, Kazaure

Mai Shuɗin Leshi,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko don shawara, na biyu don jin daɗi. Ki riƙe alfaharinki, kin same shi da guminki. Rashin saka atamfar nan daidai ne, kuma da kin saka, da ranar da Kawu ya buƙaci mutum ɗaya mai gaskiya a gidan bai samu ba.

Amma kin yi kuskure guda, kuma da alama har yanzu ba ki gan shi ba. Rashin sakawa daban, mayarwa daban. Waɗanda suka rubuta dokar kada a karɓi kyauta daga ɗan takara buhun shinkafa da ambulan ɗin kuɗi suke nufi. Ba su taɓa jin labarin anko ba, balle su san cewa a wajenmu mayar da zane ga tsohuwa kamar ce mata ne ki cire ni daga cikin jikokinki. Da kin karɓa kin yi godiya kin ajiye a ƙasan akwati, sannan kin tafi da ƙafarki kin durƙusa gaban Hajja Kaka da Kawu kafin biki kin yi bayani, da ɓacin ran bai kai haka ba. Kin sanar da ofis dangantakarki da Kawu tun da wuri, shi kuwa a leda ya ji matsayinki, ta hannun Ma'u. Maganar kakarki a kan falmaran ma ki ajiye ta, ta fi wasu laccocin da ni da ke muka zauna muka saurara a jami'a.

Game da ƙungiyar, ban ga mugunta ba. Su suka horar da ke, kuma da irin waɗannan finafinai suke shawo kan masu kuɗi su ci gaba da biyan horon wasu matan a Roni da Gwiwa. Matsalarsu ita ce labari ɗaya suka saba saya daga wajenmu: mace mai ilimi a gefe guda, dangi masu duhun kai a ɗaya gefen. Duk abin da bai shiga wannan ma'auni ba, biro sai ya tsaya. Abin mamaki, mutanen da suke kashe dukiya suna koya wa 'yan siyasa karɓar kaye sun sami ɗan kasuwar hatsi da ya yi hakan a ƙofar gidansa ba tare da an kai shi otal an ba shi shayi ba, sun wuce shi suna neman zane.

Ga abin da nake gani. Kada ki sa hannu a komai tukuna. Ki fara zuwa wajen Kawu, ke da mahaifiyarki, ba kyamara ba Baturiya, ki gaya masa duk abin da aka nema har da tafiyar, kada ki rage. Fuskar da ke jikin atamfar tasa ce, tsakar gidan ta Hajja Kaka ce. Ba ki da ikon ba da aron ko ɗaya. Mutumin da aka taɓa zagaye 'yar ƙanwarsa da jan layi a hoton gidansa bai kamata ya sake ganin kansa a allon baƙi yana matsayin azzalumi ba, alhali shi ya biya kuɗin karatun da ake yaba miki a kai.

Idan ya yarda, ki koma wajen jami'ar ki ce labarin na mutum biyu ne, kuma ba ya ƙarewa sai an kai ga wayar nan. Ki nemi ganin fim ɗin kafin ya fita, ki nemi a yi shi yadda kakarki za ta kalla ta fahimta da Hausa, ki nemi a rubuta waɗannan sharuɗɗa. Ki kuma tambayi shugabanninki ko fitowa tare da ɗan siyasa zai hana ki sa ido a zaɓe na gaba, don kada ki sayar da aikin saboda labarin aikin.

Idan ya ƙi, magana ta ƙare a nan. Ki ce musu kina da tsohuwar Gwiwa da wunin da kika yi a tsaye, ki ba su wannan. Zai yiwu su karɓa, domin mai kirki takan saurara idan aka yi mata bayani a fili. Zai kuma yiwu tafiyar ta suɓuce, ba zan ce miki ba zai yi ciwo ba. Sai dai taron ƙasar waje mako guda ake tunawa da shi, ke kuwa a Kazaure za ki tsufa, a cikin mutanen da yanzu suka san cewa maganarki abar riƙewa ce. Ba ki buƙatar rage wa kowa tsawo kafin a ga naki.

Allah Ya ƙara wa Hajja Kaka lafiya, Ya saka wa Kawu da alheri, Ya buɗa miki ƙofar da za ki shiga da kanki a ɗage. Ki gaida Bafulatanin, ki ce masa dariya ba shawara ba ce.

Anti Sa'adiyya